Saniya Mai Ƙaho Ɗaya a Gida Tara

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Wannan ba tatsuniya ba ce, kuma ba na son dariya, don a gidana abin ya faru.

'Ya'ya uku na haifa. Na farin ba na faɗin sunansa, kun san ba a yi, Babba nake ce masa. Shi ne manajan bankin yankinmu, inda matan kasuwa da manoma suke ajiya, inda ni ma na tara kuɗin kujerar Makka. Mai bi masa Tanimu ne, bai yi boko ba, shanu arba'in gare shi. Auta ita ce Kande. A bankin take aiki ita ma, ita ake aikawa ta ga jingina da idonta ta sa hannu, don doka ta ce ba a ba da rance sai da abin da za a riƙe.

Wata shekara dattawa tara, abokan marigayi uban yaran nan, suka so rance su sayi albasa su ajiye har ta yi tsada. Babu mai abin jingina a cikinsu, don gonakinsu ba su da takarda. Babba ya san haka. Amma waɗannan mutane su suka ɗauki gawar ubansa, ya kasa ɗaga ido ya ce musu a'a. Ya ba su kuɗin mutane.

Tanimu ya ba da aron shanunsa. Yau a kora su gidan wannan, jibi a kora su gidan wancan, kowa ya tsaya a gabansu ya ce nasa ne. Buhun dusa kawai yake karɓa.

Kande ta je gida tara ta ga garke ɗaya. Akwai wata saniya mai ƙaho ɗaya a ciki, wadda Kande ta sha tatsa da hannunta. Ta gane ta sarai, ta sa hannu sau tara.

Albasa ta ruɓe a rumbu. Ba wanda ya biya. Sai hukumar da ke sa ido a kan bankuna ta turo mai bincike, wani siririn mutum mai tabarau, ya ce a kai shi ya ga jinginar. Aka yi ta tsere da shanu ta bayan gari. A gida na uku ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa maigidan, "Alhaji, wannan mai ƙaho ɗayan 'yan uku aka haife su, ko mota take shiga?"

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Washegari mata suka yi layi a ƙofar banki, kowace tana son kuɗinta. Mai ƙosai ta tare ni a hanya ta ce, "Inna, ashe tarbiyyar da kike mana wa'azi a kanta ke nan?" Kwana goma sha biyu ban leƙa waje ba.

To, ga abin da suka yi bayan nan.

Kande ta kwashi takardun gaskiya ta kai wa mai binciken tun bai nema ba, har da waɗanda bai san da su ba. Ya ce da ta ɓoye ko ɗaya, da a ranar ya sa kwaɗo a bankin.

Babba ya fito gaban layin matan nan, ya cire hula, ya faɗi abin da ya yi, ya roƙi kwana arba'in. Aka tofa masa yawu, bai goge ba. Matan suka koma gida. Daga nan ya bi dattawan da ya ji kunyarsu, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar kowanne ya zauna mutane na wucewa, har suka sayar da gonaki suka kawo rabi.

Tanimu ya kora shanunsa kara, kasuwar shanu, ya sayar, duka arba'in, ya cike ragowar. Yanzu shanun wani yake kiwo. Igiyar mai ƙaho ɗayan tana rataye a zaurensa.

Banki ya tsira, ba wadda ta rasa ko kwabo. Amma mai binciken ya ce ba a rufe irin wannan magana da hannu wofi. Dole a rubuta sunan mutum ɗaya wanda za a kai kotu, sauran a yi musu gargaɗi. Kowanne cikin 'ya'yan nan nawa uku ya ce a rubuta shi, har suka kusa dambe. Jiya suka zo suka durƙusa a tsakar gidan nan, Kande ta ce, "Inna, ke za ki faɗa. Wanda kika kira, ya tafi."

Ranar Litinin zan tsaya gaban mutumin nan. In Tanimu ne, na kira wanda ba shi da sauran komai. In Kande ce, na kira wadda ta fara faɗin gaskiya. In Babba ne, shekara hamsin da biyu bakina bai taɓa furta sunansa ba, a can zai fara.

Ban tara ku don ku ba ni haƙuri ba. Ku faɗa mini: sunan wa zan kira?