Sandunan Baba Jatau

Ku matso kusa, 'yan'uwa. Wannan tatsuniyar ba daga bakin kaka na ji ta ba. A tsakar gidanmu ta faru, kuma hukuncinta nake nema a wurinku.

Mahaifina Jatau, Allah ya jiƙansa, makaɗin gangunan zamani ne a Jos, irin waɗanda mutum yake zama a tsakiyarsu: babba a ƙasa ana taka ta da ƙafa, ƙanana a gaba, faifan tagulla a sama. Ni ban gaji hannunsa ba. Makaranta ya tura ni, ita ma ban kai ƙarshenta ba. Kunne kawai na samu.

Yana da wani kiɗa da ya raɗa wa suna Tafiyar Raƙumi. Ƙafarsa takan sauka da nauyi, a hankali, kamar ana taka yashi. Hannun dama yana yayyafi a kan tagulla. Na hagu kuwa kullum sai ya makara da ɗan ƙiris, har ka ce kiɗan zai kife, sai ya sauka daidai inda zuciyarka take jiransa. Na ga dattijo ya jingine sandarsa ya taka rawa. Na ga mai shayi ya bar madara tana malala a tebur.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, magana ta yi masa wuya. Kaset ɗaya da aka taɓa ɗauka, damina ta cinye shi. Kullum sai in ga yatsansa mai lafiya yana lalubar kiɗan a kan tabarma, ya ɓace masa, ya sake farawa, ya ɓace masa. Kiɗan da ya haifa ya fita daga kansa. Daga nan ya daina karɓar abinci. Mun san in ba a dawo masa da shi ba, da wannan baƙin cikin zai tafi.

Mutum uku suka zo.

Na farko Talle tela, wanda shagonsa yake jikin ɗakin da Baba yake gwaji. Shekara ashirin yana ɗinki bango ɗaya tsakaninsu, har ƙafarsa a kan keken ɗinki ta haddace takun Baba ba tare da shi ya sani ba. Masu kawo masa aiki sukan tsokane shi cewa ɗinkinsa ma rangaji yake yi.

Na biyu Barau, makaɗin wata ƙungiya, wanda suka shekara goma ba sa gaisawa da Baba. Ashe duk wasan da Baba ya yi, Barau yana can bayan taro ya ja hula, yana satar hannayensa da ido. Ya durƙusa a gaban shimfiɗa ya ce, "Jatau, tashi ka zage ni. Yau a gabanka zan yi satar."

Aka kafa gangunan bayan la'asar. Talle ya ba da ƙafa, Barau ya ɗauki sandunan kiɗan Baba, mutum biyu a mazaunin mutum ɗaya. Kiɗa ya tashi, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna rantsuwa Baba ne yake kiɗan. Baba ya juya fuskarsa bango.

Ta uku Ladi, mawaƙiyar ƙungiyar su Baba a da, wadda muryarta ta dushe ta koma tuyar masa. Ba ta taɓa riƙe sandar kiɗa ba. Ta saurara, ta ce su sake. Da suka kai bugu na bakwai, ta cafke wuyan hannun Barau a sama. Wurin ya yi tsit na ƙiftawar ido.

Ta ce, "Nan Jatau ba ya bugawa, Barau. Nan yake bar mini in ja numfashi."

Barau ya sauke sandunan. Shekarun nan duka yana jin bugu a gurbin da babu komai, kunnensa ne yake cike masa shi.

Suka sake ɗauka, Ladi tana riƙe hannun duk lokacin da gurbin ya zo. Sai raƙumin ya miƙe. Wallahi na ji shi yana wucewa ta tsakar gidanmu. Baba ya juyo. Yatsansa ya kama tabarma ya bi su, ya tsaya inda suka tsaya, bai ɓata ko sau ɗaya ba. A ranar ya sha kunu. Da nake goge masa baki, ya ja rigata, da ƙyar ya haɗa kalmomin: "Sandunan nan... ka ba wanda ya dawo mini da shi."

Bai faɗi suna ba. Kwana uku ya ƙara, yatsan yana tafiya har ya tsaya.

Jibi ne sadakar arba'in, su ukun za su zo. Sandunan suna ƙarƙashin matashina, guda biyu, kuma ba a raba su, don ɗaya ba ta kiɗa. Babu ƙafar Talle, kiɗan ba shi da ƙasar takawa. Babu hannun Barau, ba mai iya wannan makarar. Babu Ladi, da har yanzu fuskar Baba tana bango.

To, ku da kuka ji, hannun wa zan danƙa wa sandunan Baba: mai ƙafar, mai hannun, ko wadda ta san inda ake yin shiru?