Sunan Baba a Layi na Sha Huɗu

Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini da kowa a gidansu ke kira Auta. Aikinta shigar da sakamakon gwaje-gwaje a kwamfuta. Da aka fara gyaran rufin ofishinsu, sai aka ce ta riƙa aiki daga gida.

Mai kula da kwamfutocin ofis ya saka mata VPN, ya ce mata, "Ki ɗauke shi kamar rufaffen lungu daga teburinki zuwa ofis. Ba mai ganin abin da kika ɗauko a hanya. Amma fayil ɗin da aka ba ki kaɗai za ki buɗe."

Auta kuwa, Allah ya zuba mata son jin ƙwaƙwaf. Ko leda aka shigo da ita gidan, sai ta leƙa.

Wata safiya ta zauna a teburin cin abinci, ta ture kwanuka gefe, ta haɗa VPN. Jerin sunayen waɗanda aka yi wa gwaji ya fito. Tana gangarawa sai idonta ya tsaya a layi na sha huɗu. Sunan mahaifinta ne, da shekarunsa, da lambar wayarsa. Kuma ba ya cikin fayilolin da aka ba ta.

Ta duba kwanan watan gwajin. Ranar da aka ɗauki jinin, Baba cewa ya yi zai je duba wani tsohon abokin aikinsa.

Ta ɗaga kai. Ga shi can a tsakar gida yana gyaran fanka, hankali kwance. Me yake ɓoyewa? Tun yaushe? Dannawa ɗaya ta rage ta sani.

Ta kira yayarta a waya tana magana ƙasa-ƙasa.

Yaya ta ce, "Buɗe mana! Ubanki ne fa, ba baƙo ba. Ke da ba a iya ɓoye miki komai, yau kuma kika zama waliyyiya?"

Auta ta ce, "Yaya, da yana so mu sani, ai da ya faɗa."

Ta kashe wayar, amma yatsanta ya daɗe a kan madannin. Daga ƙarshe ta wuce layin, ta yi aikinta.

Kwana uku tana wannan fama. Kullum ta haɗa VPN, sunan na nan yana kallonta. Abinci ya daina shiga. Ta ji haushin Baba, ta ji tausayinsa, ta ji haushin kanta.

A rana ta huɗu, Mama ta fita kasuwa. Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

Ya ce, "Auta, kin ga sunana ko?"

"Na gani, Baba."

"Me aka rubuta?"

"Ban buɗe ba."

Ya sauke numfashi. Ya ce, "Sai da aka ɗebi jinin na tuna a wurin kike aiki. Kwana uku ina satar kallon fuskarki, ina neman hukuncina a ciki. Ni ma ban karɓo sakamakon ba, tsoro nake ji."

Auta ba ta taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba. Hawaye suka cika mata ido.

Ya ce, "Da kin buɗe, da ke kaɗai za ki ɗauki kayan, ba likita, ba mai yi miki bayani. Gobe za ki raka ni? Wanda ya iya riƙe wannan, zai iya riƙe ni."

Washegari suka zauna gaban likita tare. Ciwo ne a ƙoda, amma an gano shi da wuri, kuma akwai magani. Da likita ya fara bayani, Baba ya laluba ya kama hannunta, bai sake shi ba har suka fito.

Darasi: Samun hanyar shiga wuri ba izinin buɗe komai ba ne. Sirrin da ka sata nauyi yake zame maka, wanda aka ba ka da hannu kuwa yana zuwa da yarda. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa bayanan mutane a wurin aiki.