Gaggawar Alhaji Tambari da Cikin Khaula

Alhaji Tambari ɗan kasuwar atamfa ne a Ƙofar Taramniya. Mutum ne mai kyauta da son iyalinsa, amma Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Ko shayi aka kawo masa da zafi, gara ya ƙona baki da ya bari ya huce.

Wata safiya 'yarsa Khaula ta kira gida tana kuka, cikinta na murɗawa ta gefen dama. Ba ta daɗe da aure ba, mijinta Gazali kuma ya yi tafiya. Tana da ƙaramin ciki wanda ba ta gaya wa kowa ba, don kunyar cikin fari ba ta barin mace ta buɗe baki, balle a gaban mahaifi.

Alhaji ya ɗauke ta sai babban asibiti. Likita Jamilatu ta danna cikin a hankali, ta ce, "Alhaji, ka ɗan ba mu wuri, akwai tambayoyin da zan yi mata."

"Mi za a tambaya? Afendis na! Haka ƙanena yay yi, anka yi ta jira har abin yaf fashe."

Ya ƙi fita. Khaula ta sunkuyar da kai, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce ba komai.

Likitar ta ce, "Yana iya zama shi, yana iya zama wani abin. Ga mace, ciwo da yawa na kama da afendis. Za mu gwada jini da hitsari, mu yi hoton ciki, muna duba ta a kai a kai. In shi na, wallahi ba mu ɓata lokaci."

Aka sa mata ƙarin ruwa. Alhaji ya kasa zama. Ya leƙa ɗakin gwaji, ya dawo, ya duba agogo, ya tare wannan nas ya tare waccan. Duk nishin da Khaula ta yi sai ya ji kamar a ƙirjinsa. Can wani abokinsa ya gaya masa a waya cewa akwai wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada inda ba a sa mutum jira.

Tun kafin sakamako ya fito ya ce a cire robar ruwan. Likita Jamilatu ta bi shi har bakin ƙofa tana roƙo. Khaula ma ta ce a hankali, "Baba, da dai mun ɗan dakata."

"Ke yi shiru. Ba ni zama ina kallo a kashe min ɗiya!"

A can kuwa ba a ɓata masa rai ba. Mai asibitin ya danna cikin sau ɗaya, ya ce, "Gaskiyakka Alhaji, aiki za a yi yanzu." Ba gwaji, ba hoto, ba wanda ya keɓe da ita ya tambaye ta. Alhaji har ya yi hamdala, wai ya samu masu aiki.

Aka buɗe ta, aka tarar da afendis lafiyarsa lau. Ciwon sanyin mafitsara ne ke damunta, wanda magani zai iya kawarwa ba tare da wuƙa ba. Wurin aikin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, daga baya jini ya ɓalle. Dole aka koma da ita wurin Likita Jamilatu.

Da likitar ta fito daga ɗakin, Alhaji ya tare ta.

"Khaula za ta tashi in sha Allah," in ji ta. "Amma cikin ya zube."

"Wane ciki?"

Ta gaya masa Khaula na da ƙaramin ciki. Ya zauna a ƙasa, yana ta salati hawaye na bin gemunsa. Ranar ya fara jin labarin jikansa na fari, kuma ranar ya rasa shi.

Darasin da ke nan shi ne, ba kowane ciwon gefen dama ne afendis ba. A gaggauta kai mara lafiya asibiti, amma a bar likita ya yi gwajinsa kafin a kai ga tiyata. A kuma ba mara lafiya wuri ya faɗi abin da kunya ta hana shi faɗa a gabanmu, domin abin da aka yanke cikin gaggawa nadama ba ta mayar da shi.