Randar da ba ta tambayar suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari da ake kira Kwarin Gawo akwai wata randa a gindin gawo, bakin hanya. Ba wata kyakkyawa ba ce, baƙa ce, bakinta ma ya ɓantare. Amma ko rani ya kai ina, ko rijiyoyi sun ƙafe har ƙadangare ya yi gida a ciki, ita tana nan cike fal da ruwa mai sanyi. Asalinta kuwa, wata maginiyar tukwane ce, Inna Yalwa, a shekarar fari ta ba wani baƙo ragowar ruwanta, moɗa ɗaya tak. Baƙon ya sha, ya dafa randar ya ce, "Duk mai ƙishin da ya zo a ba shi, kada a tambaye shi ko shi wane ne." Daga ranar ba ta sake ƙafewa ba.

Mai kula da ita a lokacin wata tsohuwa ce, Gwamma, tsatson Inna Yalwa. Aikinta shara da wanke moɗa, sai kuma faɗa da yara masu zubar da ruwa, irinku.

Ana nan sai Gizo ya je wurin Maigari Barmo, ya faɗi ya yi gaisuwa da tsamin bakin nan nasa. "Yanka ya daɗe, abu mai tsarki haka a bar shi a bakin hanya? Jaki ya sa baki, kare ya sa baki? Garin da ya san daraja ɗaki yake gina wa irin wannan."

Kun san ba a mugun sarki sai mugun bafade. Maigari ya sa aka gina ɗaki, aka lulluɓe randa da farin ƙyalle, aka naɗa Gizo Sarkin Randa. Mai son sha sai ya faɗi sunansa da asalinsa, ya kuma ajiye wa Gizo ɗan abin taɓawa.

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, ba haka aka bar mana ita ba."

Maigari ya ce, "Iya, kin tsufa, ki riƙe tsintsiyarki kawai."

Rani ya tsananta. Kurciya ta sauka tana haki ta ce, "A taimaka mini da ruwa." Gizo ya ce, "'Yar gidan wa?" Ta ce, "'Yar daji." Ya kore ta. Da Gwamma ta shiga shara ta ɗaga ƙyalle, sai ta ga ruwa ya sauka daga wuyan randa.

Jakin fatake ya zo, harshe a waje. Gizo ya ce, "Me ka kawo?" Jaki ya ce, "Kayan da ke bayana ba nawa ba ne." Ya kore shi. Ruwa ya koma rabi.

Kunkuru ya iso bayan doguwar tafiya. Gizo ya ce, "Faɗi kakanninka." Kafin kunkuru ya gama lissafi rana ta faɗi, Gizo ya rufe ƙofa. Da safe Gwamma ta leƙa, tana ganin gindin randa.

Shi ma Gizo ya leƙa ya gani. Ya tattara kilishin da ya tara daga hannun masu sha ya sulale daji, wai zai nemi garin da ke da ruwa.

Hankalin Kwarin Gawo ya tashi. Rijiyoyi babu ko laima, abin da ya rage a randa moɗa ɗaya ne. Mata suka fara ɗaure kaya, za a bar garin iyaye da kakanni. Aka taru a ƙofar ɗakin ana gardama, wasu na cewa Maigari ya sha, wasu na cewa a ƙulle ruwan a gora a tafi da shi don albarka. Gwamma na zaune da moɗa a hannu.

Sai ga wani abu yana rarrafowa cikin ƙura. Gizo ne. Yajin kilishi da rana sun gama da shi, leɓe ya tsattsage, murya ta tafi. Da ƙyar ya ce, "Yuwa."

Jama'a suka ɗauki sanduna. Ita ma Gwamma, in gaya muku gaskiya, ba abin da take so irin ta shara masa tsintsiya. Amma ta tashi, ta yaye farin ƙyallen nan ta yar, ta kwashe ruwan ƙarshe a moɗa.

Maigari ya ce, "Iya, kin san ko wane ne wannan?"

Ta ce, "Ni na sani sarai. Randar ce ba ta tambaya."

Ta durƙusa ta ba shi. Ya shanye tas. Gwamma ta leƙa randa, ba komai sai danshi. Ta ce a ranta shi ke nan, ta kashe garinsu da hannunta.

Sai ta ji wani ɗan ƙara, ɓul, ɓul, kamar tukunya ta fara tafasa. Ruwa ya rufe gindi, ya kai rabi, ya kai wuya, har ya malalo ya jiƙa mata ƙafa. Ta zauna daɓas a cikin caɓi tana dariya tana hawaye, ta sauke ajiyar zuciyar da ta daɗe tana riƙe da ita. Mata suka kwance kayansu. Maigari da kansa ya ɗauki gatari ya fara rushe ɗakin, kunya ta hana shi ɗaga kai. Kurciya ta dawo ta sha, jaki ya sha, kunkuru ya iso daga baya kamar yadda ya saba, ba wanda ya tambaye shi komai.

Gizo kuwa da ya farfaɗo sai ya ce, "To, yaushe zan koma aikina?" A nan ne fa ya samu tsintsiyar da ya daɗe yana nema. Ya ruga ya ɓuya, shi ya sa har yau kuke ganin yanarsa a bayan randa.

To kun ji. Albarkar abu ba a lulluɓe shi take ba, a bayar da shi take. Mai ƙishi kuma ruwa ake ba shi tukuna, ko da abokin faɗanka ne.

Ƙungurus kan kusu. Mai jin ƙishi ya je ya sha, ya kuma mayar mini da moɗa inda ya same ta.