Minsharin da Ba na Barci Ba

Akwai wani kafinta da duk layinsu ake ce masa Tsawa. Ba sunansa ba ne, halinsa ne ya jawo masa. Mutumin nan ko ƙusa zai ce a miƙo masa sai maƙwabta sun ji. Kar wanda ya biyo ni da tambayar wane gari ne ko wane layi, ba zan faɗa ba. Ku dai karanta, don wallahi ni har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Tsawa yana da shago babba. Injin yanka katako a gaba, a can baya kuma tulin soso na kujeru. Tare da ƙaninsa suke aiki, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙanin mutum ne mai sanyi, da matarsa da yaransa, kuma hannunsa ya fi na yayan kyau a aiki. Kowa ya san haka, tsoron faɗa dai ake.

Sai ƙanin nan ya fara canzawa. In ya ɗaga katako sai ya tsaya yana haki. Wani lokaci ya dafe ƙirji ya yi shiru. Da rana ta ɗaga sai ya lallaɓa baya ya kwanta a kan soso.

Ya ce, "Yaya, ƙirjina yana min nauyi kwanakin nan."

Tsawa ya ce, "Cikinka ne ya yi nauyi! Ka ci ka ƙoshi ka zo ka miƙe min a kan kayan mutane. Tashi, Sarkin Barci!"

Shi ke nan suna ya bi shi. Mai walda na kusa da su in ya leƙo sai ya ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Barci, an tashi daga fada ne ko yanzu za a shiga?" A yi ta dariya. Shi ma ya yi dariyar, don ba ya son rigima. Ba wanda ya ce masa je asibiti. Ko mutum ɗaya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Wata mata ta zo karɓar kabad ɗinta da aka daɗe ana mata yau da gobe. A shagon har sun sa mata Mai Kabad saboda yawan zuwa. Ranar kam da faɗanta ta shigo.

Ta ce, "Malam, yau ko dai in tafi da kabad ɗina ko in kwana a nan."

Tsawa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, saura ƙofa."

"Wancan zuwan ma saura ƙofa ka ce. Ƙofar gari kake haɗa min?"

Suna cikin haka, ƙanin yana gefe yana goge ƙofar kabad ɗin da sanfefa. Sai ya ajiye. Ya taka zuwa baya kamar mai jiri, ya sulale a kan soso. Can sai aka ji wani gurnani daga maƙogwaronsa, kamar minshari. Ya ja sau ɗaya, ya yi shiru. An ɗan jima ya sake ja.

Tsawa ya nuna shi da guduma. "Kin gani ko? Ga wanda ya hana kayanki fita. A gaban baƙuwa ma sai ya yi min minshari!"

Ya ɗauki guntun katako ya jefe shi a ƙafa. Mutumin ko motsi bai yi ba.

Mai Kabad ta daina masifa. Ta ce, "Wannan ba barci ba ne."

"Hajiya, ni zan faɗa miki halin ƙanina. Ba kya jin minshari?"

"Na ji. Shi ya sa na ce ba barci ba ne. Matsa in gani."

Kun san me ya yi? Tsayawa ya yi a hanya ya tare ta. Wai bayan shago ba wurin kwastoma ba ne. Wai in aka lallaɓa shi gobe ma haka zai yi, a bar shi, shi zai tashi don kansa. Har komawa ya yi ya kunna inji, wai ƙarar za ta tashe shi. Mutum yana mutuwa a bayansa, shi yana yanka katako!

Matar nan ta je ta fizge wayar injin daga bango. Ta ture shi gefe ta wuce. Ta durƙusa, ta bubbuga kafaɗar mutumin da ƙarfi. "Malam! Malam, kana jina?" Shiru. Idonsa a rabin buɗe, leɓensa ya canza kala. Ta kalli ƙirjinsa, ba ya hawa ba ya sauka. Sai wannan gurnanin jefi-jefi.

Ta ɗaga murya. "Zuciyarsa ta tsaya! Kai mai walda, kira motar asibiti yanzu. In ka kira ka ruga asibitin nan na bakin titi, ka ce zuciyar mutum ta tsaya, su zo da na'urar tayar da zuciya. Gudu!"

Kafin ka ce me, shago ya cika. Kowa ya zama likita. Wani ya kawo ruwa ya sheƙa masa a fuska. Wani yana neman cokali wai a sa masa a baki. Wata tana cewa a ɗaga shi zaune a ɗura masa ruwa. Wani ƙato kuma ya ɗaga waya yana ɗauka. Wallahi wannan mai wayar shi ya fi ba ni haushi bayan Tsawa.

Mai Kabad ta ce, "Wanda ya sa masa wani abu a baki sai na ci mutuncinsa! Ku kama shi ku sauke min shi ƙasa. A kan soso in na danna, soson ne zai lotsa, ba ƙirjin ba."

Aka jawo shi kan siminti, aka kwantar da shi rigingine. Ta yage masa gaban riga. Ta ɗora tushen tafin hannunta a tsakiyar ƙirjinsa, a kan ƙashin nan, ta ɗora ɗaya hannun a kai, ta miƙar da hannayenta, ta fara dannawa da nauyin jikinta.

Nan fa Tsawa ya sake tashi. "Ke! Ke! Mace ki haye kan ƙanina a gaban jama'a kina danna shi? Mijin wata ne fa! Ɗaga shi!"

Har ya kama hannunta. Ta fizge, ba ta ma daina dannawa ba.

Ta ce, "Mijin wata ne, shi ya sa. Nawa mijin a tsakar ɗaki ya yi wannan minsharin, na lulluɓe shi da bargo na ce a bar shi ya huta. Haka ya tafi a gabana. Sai daga baya na je aka koya min. In kana son matarsa ta zama ni, sake riƙe min hannu!"

Tsawa ya ja da baya. Mai wayar ma ya sauke wayarsa.

Ta ci gaba. Ƙasa, sama, ƙasa, sama, da sauri, ba hutu. Gumi yana ɗiga daga haɓarta, mayafinta ya zame, ba ta ko kula ba. Amma aikin nan yana cin ƙarfi. Dannawar ta fara yin sama-sama.

Ta ɗago ta kalli Tsawa. "Kai mai baki, zo nan. Durƙusa. Wannan ƙarfin da kake zagi da shi, yau ka yi aiki da shi."

"Ni ban iya ba."

"Nan, tsakiya. Hannu kan hannu. Kar ka lanƙwasa gwiwar hannu. Danna!"

Ya danna a hankali kamar mai taɓa ƙwai.

"Shafa shi na ce ka yi? Ya lotsa inci biyu! Kai ba kafinta ba ne, ba ka san inci biyu ba? Sau biyu duk daƙiƙa. In ka danna ka bar ƙirjin ya dawo, sannan ka sake."

Ya danna da gaske. Sai ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunsa. Ya zabura zai cire hannu. "Na karya shi! Wayyo, na karya masa haƙarƙari!"

"Haƙarƙari yana warkewa! Kar ka tsaya!"

Haka Tsawa ya yi ta dannawa, yana kuka kamar yaro, majina da hawaye. Yana cewa, "Tashi mana. Don Allah tashi. Ka zage ni ma in kana so." In ya gaji ta karɓa, in ta gaji ya karɓa. Wasu suka ce a jefa shi a mota kawai a tafi. Ta ce masu na'ura suna hanya, ba inda za a ɗaga shi a daina dannawa.

Can sai ga mai walda da ma'aikatan asibiti a guje. Suka goge masa ruwan da aka sheƙa masa, wanda shi ma ɓata lokaci ne, suka manna masa abin na'urar a ƙirji, suka ce kowa ya ɗaga hannu. Jikinsa ya zabura. Aka ci gaba da dannawa. Sai ɗayarsu ta taɓa wuyansa ta ce, "Zuciyar ta dawo."

Ya rayu. Amma ku tsaya, kar ku yi saurin murna.

A asibiti likita ya ce wa Tsawa, a gaban matar ƙanin, "Dannawar nan ita ta riƙe shi. Amma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Da ya faɗi, nan take aka fara?"

Tsawa ya sunkuyar da kai. Me zai ce? Ya ce ina yanka katako?

Matar ƙanin ba ta yi ihu ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, sau nawa ya ce maka ƙirjinsa?" Har yau ba ta ƙara masa wata magana ba bayan gaisuwa.

Mutumin ya dawo gida, amma ba yadda ya fita ba. Maganarsa ta yi nauyi. Hannunsa na dama rawa yake, ko ƙusa ba ya iya riƙewa. Wannan hannun da ya fi na kowa a layin. Ranar da abin ya faru kuma gaba ɗaya ta goge a kansa, bai san an jefe shi ba, bai san an kunna inji ba.

Tsawa da kansa ya ƙarasa kabad ɗin ya kai wa matar har gida. Ya fara godiya yana ba ta haƙuri. Ta buɗe ƙofar kabad ɗin ta rufe, ta ce, "Ta karkace. Rabin da ƙaninka ya yi ya fi kyau. Haƙurin kuma ba ni za ka ba."

Yanzu ƙanin yana zuwa shagon ya zauna, don zaman gida yana damunsa. Ba mai ce masa Sarkin Barci. In gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan soso, Tsawa sai ya kashe inji, ya lallaɓa ya tsuguna kusa da shi, ya zuba wa ƙirjinsa ido yana kallon yana hawa yana sauka.

Rannan ƙanin ya buɗe ido ya gan shi a kansa. Ya fara ƙoƙarin tashi da sauri, bakinsa yana harɗewa. Ya ce, "Yi haƙuri Yaya, na tashi. Kar ka yi faɗa."

Tsawa ya fita bayan shago. Mai walda ya ce ya daɗe bai dawo ba.

Darasi: In ɗan'uwanka ya ce ƙirjinsa, asibiti za ka kai shi, ba suna za ka sa masa ba. In mutum ya faɗi, ka kira shi bai amsa ba, ba ya numfashi sai gurnani jefi-jefi, to ba barci ba ne. Ku kira taimako, ku kwantar da shi a ƙasa mai tauri, ku danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, kar ku tsaya sai masu asibiti sun karɓa. Ban da ruwa, ban da cokali, ban da ɗauka a waya, kuma ban da girman kai. Don Allah ku tura wa na gidanku, musamman wanda ya fi kowa baki.