Ranar da Talo-talo Ya Yi Sasanci

An yi wata Kaza mai saurin fushi da wata Agwagwa mai taurin kai, duka 'yan mata, a bayan wani gida a Ɗanbatta. Kasko ɗaya ake zuba musu ruwa. Kaza na son sha, Agwagwa na son wanka, shi ke nan faɗa ya tashi. Kwana biyu kowacce ta tsare kaskon, ba a sha ba, ba a yi wanka ba, ga zafin bazara.

Inna Tunkiya, babbar gidan, takan zaɓi yaro ɗaya ya sasanta 'yan uwansa. Ranar nan ta kira Talo-talo, saurayi mai ji da kansa.

"Ɗana, yau kai ne. Ka zaunar da su, kowacce ta faɗi abin da ke ranta har ta gama. Kada ka yanke musu hukunci."

Talo-talo na can yana duba jelarsa. "Yau kai ne" kaɗai ya shiga kunnensa.

Ya iso bakin kasko, ya baza jela, ya kumbura wuya.

"Yaya Talo-talo, ita ce ta fara..." in ji Kaza.

"Shiru! Ni ma da kaina na san komai. Tun zamanin kakan kakana, danginmu masu hankali ne."

Ya lumshe ido ya shiga tarihin danginsa. Ya yi kakansa, ya yi kakarsa, ya gangaro kan wani kawunsa da ya taɓa shiga mota.

Kaza ta gaji. Ta karkato ta yi ƙasa da murya. "Ke, mai ƙafa kamar faifai, wai dole sai kin shiga ruwan?"

"In ban jiƙa ƙafafuna ba, tsagewa suke yi. Duba ki gani. Kuma duk sanda kika ce mini ƙazama, sai na ɓuya bayan rumbu na yi kuka."

Kaza ta duba ƙafafun Agwagwa. "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka tsokanata kike yi. Ni kuwa in na sha ruwan wankanki, cikina kwana yake yana kiɗa."

"Ayya! To ki riƙa sha tukuna, in kin ƙoshi na shiga."

"Yafe mini, 'yar uwa."

"Allah ya yafe mana duka."

Da Talo-talo ya buɗe ido, sai ya ga Kaza na kwankwaɗar ruwa, Agwagwa na jiran layi tana murmushi.

"Kai! Wa ya ba ku izinin shiryawa? Maza ku koma faɗanku, ban iso wurin hukunci ba!"

Ya yi tsalle ya dira a bakin kaskon don ya raba su. Kasko ya tashi sama ya kife masa a ka. Ya dinga zagaye gidan yana karo da turmi, yana ihu daga ciki: "Ku taimaka! Wani ya saurare ni mana!"

Sai da Kaza da Agwagwa suka gama dariya, sannan suka haɗa baki suka ciro shi, a jiƙe sharkaf.

Darasin da ke cikin wannan labari, yarana, shi ne: in aka ba ka sasanta mutum biyu, ka ba su kunnenka, ka riƙe bakinka. Sau da yawa mai fushi ciwo ne da shi wanda ba a tambaye shi ba.