Kwabon Sarki Barmo

Ku gyara zama, ku da ba a raba ku da gardama. A Birnin Tunku aka yi wannan, garin da ko kun nema ba za ku samu ba, saboda haka kada wani ya wahalar da takalminsa.

Zamanin da Turawa suka kawo kwabo mai huda aka watsar da wuri, Sarki Barmo ya karɓi ɗaya ya jujjuya. Aka ce masa rubutun nan sunan wani sarki ne can bayan teku. Tun ranar tuwo ya daina yi masa daɗi. Mutumin da bai taɓa shan ruwan Tunku ba, ga shi ƙulle a bakin zanen kowace mace! Sai ya kira 'ya'yan marigayi Sarkin Maƙera su uku, duk dattawa da furfura, ya ce, "Ku ƙera mini kwabona na jan ƙarfe, da rawanina a jiki. Wanda ya yi, shi zai gaji ubanku."

Da ma 'yan'uwan nan, in ɗaya ya ɗinka sabuwar hula, biyun sai sun yi ciwon kai.

Garin babu jan ƙarfe. Nomau, babbansu, ya bi ayarin Azbinawa kwana arba'in ba tare da ya sallami kowa ba, ya ba da jakinsa da rigar wuyansa, ya dawo da jan ƙarfe a ka, ƙafa duk faso. Sai dai ko gada aka ce ya zana, tukunya za ta fito.

Arzika ne mai hannu. Ya karɓi ƙarfen yana kallon bango, ya rufe kansa a ɗaki wata uku yana sassaƙa hatimi, har idonsa ɗaya ya dushe. Da ya buga kwabon farko, rawanin ya fito da kunnuwansa biyu, sai da Sarki ya shafa na kansa ya ji ya raina shi.

Aka buga wasu da yawa, aka kai kasuwa. Tasalla mai daddawa ta ɗaga ɗaya sama, ta leƙa, ta mayar. "Kuɗi ba huda? A ina zan zura zare? Ku kai wa yara su yi wasa." Duk kasuwa ta bi bayanta.

Cindo, wanda yayyensa ke kira maƙerin baki don yawan zamansa a rumfar mata, shi ya ji wannan. Bai nemi izinin kowa ba, ya kwashe kwabban ya huda su ɗaya bayan ɗaya, tsakiyar rawanin Sarki. Arzika ya ce, "Ka kashe ni, Cindo!" Sarki ya sa aka kira hauni. Kafin hauni ya gama wasa takobi, sai ga labari: mata sun zura kwabon Barmo a zare, har suna ƙin na Bature.

Ranar naɗi suka zauna a fada, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Nomau ya miƙe ƙafa don a ga faso. Arzika ya kama murza ido. Cindo kuwa wuyansa kawai yake shafawa. Rawani ɗaya ne a hannun Sarki, kai uku.

To, ku da kuka fi Barmo wayo, a kan wa za a naɗa shi?